Dutse Ya Riga Takarda: Tarihin Harshen Agul

A bangon masallacin ƙauyen Rica, can cikin duwatsun kudancin Dagestan a ƙasar Rasha, akwai wani rubutu da aka sassaƙa a dutse. Yana ba da labarin yadda rundunar Mongol ta auka wa ƙauyen a shekara ta 637 bayan Hijira, wato 1239, da yadda mutanensa suka yi kusan wata guda suna gwabzawa kafin a ci su. Kakannin Agulawa ne, amma da Larabci suka rubuta. Harshen da suka yi kukan mamatansu da shi bai hau dutsen ba.

Haka ya zauna a baka ƙarni bakwai da rabi. Ilimi na Larabci ne. Da Tarayyar Sobiyat ta zo, aka tsara wa danginsa na kusa, Lezganci da Tabasaranci, haruffa; 'ya'yan Agulawa kuwa aka karantar da su da Lezganci, daga baya da Rashanci. Sai a 1990 Agulanci ya sami haruffansa irin na Rashanci, aka ɗauki karin Tpig, babban garin gundumarsu, ya zama abin koyi.

Ba talaucin harshe ya jawo wannan jinkiri ba. Tun 1907 Bajamushe Adolf Dirr ya bayyana nahawunsa. Bahaushe da jerin kalmomi yake gane wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. A Agulanci aikau ne ke ɗaukar ɗafa-ƙeya idan akwai karɓau, idan babu ya zauna haka nan. Suna guda yana da siffofi fiye da ashirin, akasarinsu na nuna wuri: bisa, ƙarƙashi, baya, ciki, tsakani, sannan ko abin yana zaune a can, ko ya nufa, ko daga can ya fito. Jinsi kuwa, wanda yawancin harsunan danginsa ke ji da shi, ya yar da shi. Ba ruwan aikatau da namiji ko mace.

Abin takaicin shi ne haruffan sun iso ana ɗaure kaya. Ƙidayar 2010 ta sami masu jin harshen kimanin 29,000, da yawansu sun riga sun gangara Derbent da Mahackala neman abinci, inda yaro ke wasa da Rashanci, ya amsa wa kakarsa da shi.