Aikin da Ya Ƙi Gayya

A ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM na Amurka ya sanar da sabon jerin kwamfutoci mai suna System/360. Burinsa shi ne manhajar da aka rubuta wa ƙaramar na'ura ta yi aiki a kan babbar, kada mai saye ya koma farko duk lokacin da kasuwancinsa ya bunƙasa. An zuba wajen dala biliyan 5, kuɗin da in sun nutse, da wuya kamfanin ya sake miƙewa.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne OS/360, uwar manhajar da za ta tafiyar da na'urorin, wadda Fred Brooks ya jagoranci aikinta. Ma'aikata sun haura 1,000 a lokacin da aikin ya fi zafi, amma ta fito a makare, ta lashe ninkin-ba-ninkin kuɗin da aka kiyasta, kuma sai da aka yi ta gyara kafin ta daidaita. Da Brooks zai koma koyarwa a Jami'ar Arewacin Karolina, shugaban kamfanin, Thomas Watson ƙarami, ya tambaye shi abin da ya sa jagorancin aikin manhaja ke da wuya haka. Amsar ba ta zo ba sai 1975, a littafinsa The Mythical Man-Month.

Mu da muka tashi muna jin cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, hujjarsa tana da ɗaci: in aikin manhaja ya makara, ƙara ma'aikata ƙara masa latti yake yi. A gayya kowa kama kunyarsa yake, ba ruwansa da ta maƙwabcinsa. Manhaja kuwa a sarƙe take. Sabon zuwa sai an koya masa, mai koyarwar kuma shi ne gwanin da aka fi bukata a bakin aiki. Ga kuma lissafi: mutum 5, hanyoyin tuntuɓa 10 ne a tsakaninsu, mutum 50, hanyoyi 1,225. Kowace hanya ƙofar rashin fahimta ce.

Wasu babuka sun tsufa, musamman na ƙarancin ma'adanar kwamfuta, tunda wayar da ke hannunka ta ninka waccan na'ura nesa ba kusa ba. Brooks da kansa, a bugun 1995, ya janye shawararsa ta cewa a gina tsarin farko da niyyar zubar da shi, ya koma ga gini kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Hujjar ƙarin ma'aikata kuwa ya bar ta yadda take. Ya rasu a 2022, kuma har gobe in wa'adi ya matso, abin da manajoji suka fara tambayarmu shi ne mutum nawa za a ƙaro mana.