Mashigin ruwa

mashigin ruwa (suna, namiji, jam'i: mashigan ruwa). Hanya ce da ɗan Adam ya haƙa a tudu domin haɗa teku biyu, ta yadda manyan jiragen ruwa za su ratsa ba tare da sun kewaye nahiya ba.

Mafi shahara shi ne mashigin Suwez na ƙasar Masar, wanda ya haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, aka buɗe shi a shekarar 1869 bayan shekara goma ana haƙa ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Ferdinand de Lesseps, da gumin talakawan Masar da aka tilasta wa aikin. Kafin samuwarsa, jirgin da ya taso daga Turai zuwa Indiya sai ya zagaye kudancin Afirka. Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da shi mallakar ƙasa a 1956, abin da ya sa Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar yaƙi, daga baya kuma mashigin ya zauna a rufe daga 1967 zuwa 1975.

Mashigin Panama kuwa, wanda Amurka ta kammala a 1914 ta kuma miƙa wa Panama a ƙarshen 1999, yana aiki ne da matakan ruwa, wato ɗakuna masu ƙofofi da ake cikawa domin ɗaga jirgi zuwa wani tafki mai suna Gatun. Kuɗin fito da jirage ke biya na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga na Masar da Panama.