Asalin Sandar Biliyad da Mas'alar Mai Koyo

Wasan nan na ƙwallaye a bisa tebur, wanda samarin garuruwanmu kan haɗa ire-irensa su kira su duka sinuka, asalinsa Turai ne, inda wajen ƙarni na 15 aka ɗauko shi daga filin ciyawa aka shigar da shi gidajen sarakuna; kuma a wancan zamani ba buga ƙwallo ake yi ba, tura ta ake yi da wata sanda mai faffaɗan kai. Da yake kan nan ba ya samun mashiga idan ƙwallo ta manne da bakin tebur, sai ma'abota wasan suka riƙa juya sandar suna aiki da siririn gindinta, har wajen 1800 gindin ya gaje wurin kan.

To, amma itace tsura santsi gare shi, wanda duk ya kauce wa tsakiyar ƙwallo sai sandarsa ta zame. Wani hafsan sojan Faransa, Faransuwa Mingo, shi ake jingina wa hikimar manna 'yar fata a tsinin sanda a farkon ƙarni na 19, kuma an ruwaito cewa a kurkuku ya yi wannan ijtihadi, wurin da lokaci ba ya ƙaranci. Da fata da alli suka haɗu, sai ya yiwu a bugi ƙwallo a gefe ta tafi tana juyi.

Daga nan wata illa ta bayyana, wadda ta daɗe tana damun gwanaye: idan an bugi gefen dama, nauyin tsinin sanda yakan ture ƙwallo ta ɗan karkata hagu, alhali ba can aka nufa ba. Mutanen Amurka sun daɗe da ittifaƙi a kan itacen mapul saboda taurinsa da laushin jikinsa a hannu, na Ingila kuwa suka fi son itacen ash, amma babu wanda ya warkar da wannan karkata, sai dai gwani ya saba da sandarsa ya riƙa gyara saitinsa. A 1994 kamfanin Predator ya fito da samfurin sanda mai suna 314, wanda aka harhaɗa da tsagin itace aka kuma rarake gabansa domin nauyinsa ya ragu, karkatar ma ta ragu. A 2016 kuma ya kawo Revo ta zaren kabon, wadda damina ko hunturu ba sa lanƙwasa ta.

A ganina, mai koyo bai kai ga wannan mas'ala ba tukuna, domin wanda bai iya samun tsakiyar ƙwallo ba, maganin karkata ba shi da fa'ida gare shi, balle ga tsadar kabon. A wasa irin na Amurka, sandar mapul mai nauyin oza 19, da tsini na milimita 12 zuwa 13 da fata mai kyau, ta wadatar da shi, muddin ya mirgina ta a kan tebur kafin ya biya kuɗi, ya tabbata ba ta tsalle.