Rosenborg: Gidan Hutun Sarki da Ya Koma Taskar Danmak

A shekarar 1606 Sarki Kiristiyan na Huɗu na Danmak ya sayi filaye a bayan ganuwar birnin Kwapanhagan, ya dasa lambu, ya kafa ɗan gidan hutu a ciki. Sarki ne mai tsananin son gini, don haka gidan bai daɗe yana ƙarami ba. Aka yi ta ƙara masa hawa da hasumiyoyi, zuwa 1624 ya zama fada sosai, aka raɗa masa suna Rosenborg.

Salon ginin na Holan ne, kamar yadda ake yayi a lokacin: jan bulo da aka yi wa gefe da dutse mai haske, da dogayen hasumiyoyi masu rufin tagulla da yanzu ya rikiɗe kore. Siririn gini ne, ɗakunansa ba su da faɗi. A nan sarkin ya rasu a 1648.

Wajen 1710 sarakuna suka daina zama a cikinsa, don ya yi musu tsufa kuma ya yi kaɗan. A ganina wannan ƙauracewa ce ta cece shi. Da sun ci gaba da zama, da kowane sarki ya rushe nan ya sake can. Sai ya zama ma'ajiyar kayan gado, ba su koma ba sai bisa larura, kamar a 1794 da gobara ta cinye fadar Kiristiyansbog. A 1838 aka buɗe shi ga jama'a a matsayin gidan tarihi, aka jera ɗakunan sarki bayan sarki.

A cikinsa akwai tufafin da Kiristiyan ya sa a wani yaƙin teku a 1644, inda ya rasa ganin idonsa na dama, tabon jini har yau yana jikinsu. Wanda ya tsaya gabansu sai jikinsa ya yi sanyi. A babban zaure na sama akwai karagar naɗi da aka ƙera da hauren wata dabbar teku, zakuna uku na azurfa suna gadinta.

Lambun kuwa tun ƙarni na 18 aka bar kowa ya shiga, da rani sai ka ga mutane zube kan ciyawa. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na fadar ake ajiye kambunan sarauta da kayan adon da sarauniya takan sa a manyan bukukuwa, amma ba a fita da su wajen ƙasar.