Me Ke Hana Rauni Warkewa?

Idan lauje ya yanke ka a gona, ko ƙaya ta soke ka a bakin tafkin Madarumfa, jininka ne ke kai wa wurin abinci da iska da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Ƙaramin rauni a jikin mai lafiya yakan rufe cikin mako 1 zuwa 2. Idan ya daɗe har ya zama gyambo, sau da yawa akwai wata cuta a ɓoye.

Ciwon suga: yana lalata hanyoyin jini da jijiyoyin ƙafa, har mutum ya ji rauni bai sani ba. Sakaci na iya kai ga yanke ƙafa.

Tamowa da ƙarancin jini: jiki ba ya samun abin gina sabuwar fata. A ci wake, gyaɗa, kifi, ƙwai da zogale.

Amosanin jini: yana toshe ƙananan hanyoyin jini, ya kawo gyambo kusa da idon sawu.

Kuturta: tana kashe jin zafi a hannu da ƙafa. Maganinta kyauta ne tun 1995.

Abin da za ka yi: wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe shi da ƙyalle mai tsabta. Kada ka sa toka, ƙasa ko kashin shanu. Idan ka ga kumburi, mugunya ko zazzaɓi, ko mako 2 ya wuce babu sauƙi, je asibitin Madarumfa a auna jininka. Sai an magance cutar ciki sannan raunin waje ke warkewa.