Bindigar iska mai araha samfurin bulfof: abin da masu ita ke faɗa da yadda ake daidaita ta

Bulfof, wato bullpup a rubutun Turanci, tsarin ƙirar bindiga ne da ake mayar da injinta da gidan harsashinta bayan kunama, su shige cikin ƙotar da ake jingina wa kafaɗa. Da wannan dabara bindigar kan gajarce ba tare da an rage tsawon bututunta ba. Tsarin ya daɗe. A 1901 aka yi rajistar bindigar Thorneycroft a Birtaniya bisa wannan fasali, daga baya kuma rundunonin soja suka rungume shi: Ostiriya da Steyr AUG, Faransa da FAMAS, dukansu a ƙarshen shekarun 1970, sannan Birtaniya da SA80 a 1985.

Bindigar iska ba ta amfani da albarushi. Iskar da aka matse ce ke tunkuɗa 'yar ƙwayar dalma ta fita. Irin wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai tukunyar iska, wadda ake kira PCP a taƙaice, wato ana cika tukunyar tun kafin a fara harbi, kowane harbi kuma ya ɗebi kaɗan daga ciki. Ita ma tsohuwar dabara ce, domin sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar Girardoni mai tukunya a ƙota tun wajejen 1780. Bindigar PCP ta dace da tsarin bulfof ƙwarai, saboda ba ta da babban sifirin ɗin da ke buƙatar dogon gida, kuma kusan ba ta dukan kafaɗa.

Da farko bulfof na iska kayan masu hannu da shuni ne. EDgun na Rasha da Kalibrgun na Jamhuriyar Cek da FX na Suwidin su ne suka yi suna, farashinsu kuwa mai nauyi ne. Kamfanonin Turkiyya da na Sin ne suka sauko da shi ƙasa. Hatsan, da ke yankin Izmir, ya fito da BullBoss da Flashpup, Kral ya fito da Puncher Breaker, kamfanin Snowpeak na birnin Shaoxing kuma ya fito da Artemis P15, wadda tsohon kamfanin Diana na Jamus ya riƙa sayarwa da sunan Skyhawk bayan ya sauya mata ƙota. A Turai da Amurka ana amfani da su wajen wasan harbin saiti da kuma kashe ɓeraye da tantabaru a gonaki da rumbuna.

Yabo da ƙorafi

Abu na farko da masu waɗannan bindigogi ke yabawa shi ne sauƙin riƙo. Nauyin yana komawa kusa da jiki, don haka hannun hagu ba ya saurin gajiya, kuma bindigar tana juyuwa a cikin rumbu ko tsakanin bishiyoyi ba tare da bakinta ya riƙa karo da abubuwa ba. P15 ta yi fice wajen rashin nauyi, ba ta kai kilo uku ba kafin a ɗora mata madubin saiti. Na biyu shi ne dacewar harbi. Da yawa daga cikinsu, idan aka dace da ƙwayar da bututun ke so, sukan tara harbi biyar a wurin da bai fi faɗin kwabo ba daga nisan mita 30, abin da a da sai mai tsada ke yi.

Ƙorafin ya fi yabon tsawo, kuma yawancinsa tsarin bulfof ne ya haife shi. Tunda kunama tana gaba injin kuma yana baya, dole a haɗa su da wata doguwar sandar ƙarfe. Duk wani sakwa-sakwa a mahaɗan sandar yana fitowa a yatsa, sai maharbi ya ji kunamar tana ja tana ja bai san inda za ta saki ba. Haka kuma a samfurori da dama, har da P15 da Puncher Breaker, hannun ɗana bindiga yana can baya kusa da kunne, sai mutum ya ɗaga kumatunsa ya lanƙwasa hannu kafin ya sake ɗanawa. Snowpeak ya matso da hannun gaba a samfurin P35. Ƙarar gudumar da ke bugun bawul ita ma a gindin kunne take, shi ya sa mai harbi kan ɗauka bindigarsa ta fi yadda take ƙara, alhali wanda ke tsaye a gefe bai ji komai sosai ba. Bahago kuwa yakan sha wahala, domin gidan harsashin da ya leƙo gefe yana iya tokare masa fuska.

Akwai wata matsala da sababbin shiga ba sa lura da ita sai sun yi ta kuskuren saiti. A bulfof madubin saiti yana zama can sama da bututu, sau da yawa santimita shida ko bakwai. Idan aka daidaita madubin a mita 30, abin da ke nisan mita bakwai ko takwas za a same shi ƙasa da inda aka nufa da tazara mai yawa. Mai farautar ɓera a rumbu, wanda yawancin harbinsa na kusa ne, dole ya haddace yawan ɗagawar da kowane nisa ke buƙata. Karkatar da bindiga gefe ko da kaɗan ne ita ma tana kawar da harbi, don haka wasu ke manna ɗan ma'aunin ruwa irin na magina a jikin madubin.

Sauran ƙorafin na araha ne zalla: zoben roba mara inganci da ke sa iska ta riƙa zurarewa cikin dare, gidan harsashi na roba da ba ya tsayawa daidai da bakin bututu har ya kankare ƙwaya, ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a gefen ramuka, da bututun da ya zo cike da man kariya daga tsatsa. Bindiga biyu samfuri ɗaya daga kwali ɗaya na iya bambanta ƙwarai. Gaskiyar magana, kuɗin da kamfani ya rage wajen duba kaya kafin su fita, mai saye ne ke biyan sa da lokacinsa.

Daidaitawa

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, ƙwararru kan fara da wanke bututu, ta hanyar jan ɗan ƙyalle da zare mai ƙarfi daga baya zuwa gaba, domin sandar ƙarfe na iya lalata bakin bututun. Bayan wanki akan yi harbi ashirin zuwa talatin don dalma ta sake shafe cikinsa, sannan a gwada ƙwayoyi iri-iri. Wannan gwaji ya fi kowane gyara tasiri, ya kuma fi araha. Kamfanin JSB na Cek da H&N na Jamus suna yin ƙwaya iri ɗaya da faɗin kai daban-daban, kamar milimita 5.51 da 5.52 da 5.53 ga bindiga mai lamba .22, kuma wannan ɗan bambanci na iya raba harbi mai taruwa da mai warwatsuwa.

Daga nan sai na'urar auna gudun ƙwaya. Wanda ke juya sukurori ba tare da ita ba lalube kawai yake yi a duhu. Ana cika tukunya, a yi ta harbi ana rubuta gudun kowanne har iskar ta yi ƙasa, jerin lambobin da aka samu shi ke bayyana halin bindigar.

A nan bindigogin suka kasu biyu. Flashpup da Puncher Breaker na asali ba su da regileta, wato na'urar daidaita matsin iska. A irinsu, lokacin da tukunya ke cike taf, matsin yana danne bawul har guduma ta kasa buɗe shi sosai, sai harbin farko ya fita a hankali. Yayin da matsin ke raguwa gudun na ƙaruwa, ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka. Aikin mai bindiga shi ne ya gano tsakiyar nan inda gudun ya fi zama wuri ɗaya. Alal misali, bindigar da aka rubuta mata bar 200 tana iya fin kyau idan aka tsaya a 180 aka kuma daina harbi a 120. Cika ta har wuya ba ya ƙara ƙarfi, wahalar famfo kawai yake ƙarawa.

P15 kuwa tana da regileta. Ana cika tukunyarta zuwa bar 250, regileta kuma tana sakin iskar zuwa wani ƙaramin ɗaki bisa matsi ɗaya da bai canzawa, a ce bar 120 ko 130, har sai tukunyar ta sauko ƙasa da wannan adadi. A cikinta akwai jerin wasu faya-fayan ƙarfe masu ɗan lanƙwasa da ke aikin sifirin. Cutar da aka fi sani da regileta mai araha ita ce rarrafe: bindiga ta kwana a ajiye, iska ta ɗan riƙa tsiyaya cikin ƙaramin ɗakin har matsinsa ya haura, sai harbin farko na safe ya fita da wani gudu dabam. Wasu na goge wurin zaman bawul ɗin regileta, wasu na sauya ta da ta kamfanin Huma na Holan, wasu kuma sukan yi harbi ɗaya a ƙasa kafin su fara aiki.

Jigon daidaitawa shi ne sasanta ƙarfin sifirin ɗin guduma da matsin regileta. Ana ƙara ɗaure sifirin kaɗan-kaɗan ana auna gudu. Da farko gudun zai riƙa hawa, sai a zo inda ƙarin ɗauri ba ya ƙara komai, domin bawul ya riga ya saki duk iskar da za ta amfani ƙwaya kafin ta bar bututu. Duk abin da ya wuce nan asarar iska ce da ƙarin ƙara. Sai a sassauta sifirin har gudun ya sauko da kamar kashi uku zuwa biyar cikin ɗari daga wancan ƙololuwa. A wannan matsayi bindiga ta fi yin shiru, ta fi ba da yawan harbi a cikawa ɗaya, kuma ɗan hawa ko saukar matsin regileta ba ya canza gudu sosai. Idan sifirin ya yi sanyi da yawa gudun zai riƙa tsalle, idan ya yi tauri da yawa guduma za ta riƙa komowa ta sake bugun bawul bayan ƙwaya ta tafi.

Masu sabon hannu kan ɗauka gudu shi ne komai, alhali ƙwayar bindigar iska mai siririn ƙugu ba a ƙera ta don ta kusanci gudun sauti ba, wanda ya kai kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato ƙafa 1,125. Idan ta doshi wannan iyaka sai ta fara tangaɗi a iska. Yawanci ta fi dacewa tsakanin ƙafa 800 da 900 a daƙiƙa, mai son ƙarin ƙarfi kuma ya koma ƙwaya mai nauyi maimakon ƙarin gudu.

Gyaran kunama ba shi da wuya amma yana da haɗari. Ana cire sakwa-sakwan sandar haɗi, a goge wuraren da ke gugar juna, a sa ɗan man shafawa. Wanda ya rage kamun kunama fiye da kima zai wayi gari da bindigar da ke tashi da kanta in ta faɗi. Shi ya sa bayan kowane gyara ake ɗana ta babu ƙwaya, a nufi wuri mara haɗari, a bubbuga gindinta don a tabbatar ba ta saki ba.

Haɗari da doka

Matsin bar 200 ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau tamanin zuwa ɗari. Ba a kwance regileta ko bawul sai an zubar da iskar tukunya gaba ɗaya, kuma ba a dogara da agogon matsi shi kaɗai, domin yana iya maƙalewa. Man injin mota da duk wani mai na fetur ba ya shiga ɓangaren iska mai matsi, saboda yana iya kamawa da wuta. Giris ɗin silikon kaɗai ake shafa wa zoben roba. Cika tukunya da iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda na iya tarwatsa bindigar a hannun mai ita. Zafi ma abin lura ne: tukunyar da aka cika bar 200 a yanayin digiri 25, idan ta yini a cikin mota har ta kai digiri 60, matsinta zai haura bar 220. Famfon hannu kuma yana tura laima tare da iska, laimar ta taru ta ci tukunya daga ciki inda ido ba ya gani. Buɗe bindiga kan soke garantin kamfani a mafi yawan lokuta.

Daidaitawa na iya kai mutum ga karya doka bai sani ba. Ana lissafa ƙarfin harbi da ma'aunin fut-fam: nauyin ƙwaya a giren, a ninka da gudu sau gudu, a raba da 450,240. Ƙwaya mai giren 15.89 da ke tafiyar ƙafa 580 a daƙiƙa tana ba da fut-fam 11.9, in kuma ta kai ƙafa 900 sai ya zama 28.6. A Ingila da Wales iyakar bindigar iska mara lasisi fut-fam 12 ce, kimanin jul 16, kuma da yake ana iya gwada ta da kowace irin ƙwaya, masu hankali kan tsaya wajen 11.5. Sukotilan ta wajabta takardar izini ga bindigar iska tun ƙarshen 2016. A Jamus iyakar jul 7.5 ce, tare da tambarin harafin F a jikin bindigar. Saboda haka samfuri ɗaya ke fitowa da ƙarfi daban-daban gwargwadon ƙasar da za a kai shi.

A Najeriya babu irin wannan rangwame na ƙarfi. Dokar Makamai ta 1959 ta jera bindigar iska, doguwa da gajera, cikin makaman da mutum ba zai mallaka ba sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, a rukuni ɗaya da bindigar farauta. Siffar bulfof kuma, musamman mai baƙar ƙota da madubi a sama, tana kama da makamin soja ga duk wanda ya hango ta daga nesa, har da jami'in da ke bakin shingen bincike.