Amanar Dukiyar Gudummawa a Hannun 'Yan Sa Kai: Nazari a Kan Wasan Kwamfuta na 0 A.D.

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake riƙon kuɗin gudummawa a ayyukan wasannin kwamfuta masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda 'yan sa kai ke ginawa ba don neman riba ba. An ɗauki wasan 0 A.D. na ƙungiyar Wildfire Games a matsayin abin misali, aka gwada shi da abin da ya auku ga ayyukan manhaja na Debian da Godot, sa'an nan aka auna su da ma'aunin fiƙihu a babin ajiya da wakafi da jinga. Binciken ya nuna cewa tara dukiya ya fi riƙonta sauƙi, kuma aikin ba ya zama lafiya sai an raba mai ajiya da mai ba da izini, an kiyaye niyyar mai bayarwa, an kuma bayyana hisabi ga jama'a.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da manhaja mai buɗaɗɗen tushe shi ne wadda aka bayyana asalin rubutun da aka gina ta da shi, aka kuma halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, bisa sharuɗɗan lasisin da ke kanta. Masu irin wannan aiki galibi mutane ne da ke warwatse a ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ba ƙabila ta haɗa su ba, ba kuma albashi ba, illa sha'awar abin da suke ginawa. Kuma muddin hannunsu babu ko anini, to, babu abin da zai shiga tsakaninsu sai saɓanin ra'ayi a kan aikin kansa. Amma daga ranar da masu jin daɗin wasan suka fara miƙo taimako, sai tambayoyi uku su taso, waɗanda gwanintar kwamfuta ba ta da jawabinsu: wa zai riƙe, wa zai ba da izinin kashewa, kuma a gaban wa za a yi hisabi? Waɗannan su ne matsalolin da maƙalar ta tsaya a kansu.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Wasan

An fara 0 A.D. a shekarar 2001 a matsayin gyare-gyare a kan wasan Age of Empires II, daga baya masu shi suka ƙudura gina nasu mai zaman kansa, da injinsa da suka raɗa wa suna Pyrogenesis. A shekarar 2009 suka buɗe tushensa ƙarƙashin lasisin GPL, a 2010 kuma aka saki fitowar farko ta gwaji. Wasa ne na dabarun yaƙi da gina birane, wanda ke kwaikwayon daulolin da suka yi zamani kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, irin su Atina da Rum da Kartaj da Farisa, har da daular Kush ta ƙasar Sudan wadda aka ƙara a 2018. Kyauta ake ba da shi, amma kyautar nan ba ta ɗauke wa masu shi kuɗin hayar kwamfutocin da ke ɗauke da wasan a intanet ba, ko na kayan aiki, ko na halartar tarurruka.

A watan Satumba na 2013 ƙungiyar ta buɗe neman taimako a dandalin Indiegogo, tana fatan samun dala 160,000 domin ta ɗauki mai tsara manhaja wanda zai duƙufa ga aikin. Abin da aka samu shi ne dala 33,251, watau ɗan fiye da ɗaya bisa biyar na abin da aka nema. Dandalin Kickstarter ba ya karɓar kome daga masu alkawari sai an cika adadin da aka yanke, amma tsarin da aka bi a Indiegogo a lokacin ya bar wa mai nema abin da ya tara ko da ya gaza. A nan ne mas'alar ta yi wuya, domin dukiyar da ta shigo ta yi yawan da ba za a yi sakaci da ita ba, ta kuma yi ƙarancin da ba za ta cika dukan alkawarin da aka tara ta dominsa ba.

3.0 Raba Mai Ajiya da Mai Izini

Mafi yawan kuɗin 0 A.D. yana hannun wata ƙungiya mai suna Software in the Public Interest, ko SPI a taƙaice, wadda aka kafa a jihar New York ta Amurka a 1997 domin ta riƙe wa Debian dukiyarta, daga baya ta faɗaɗa hidimarta ga ayyuka irin su Arch Linux da PostgreSQL da FFmpeg. Tana da rajista ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka, wanda ya hana a karkatar da dukiyar ƙungiyar zuwa amfanin wani mutum, ya kuma wajabta mata miƙa bayanin kuɗinta ga hukuma kowace shekara. Tsarin kuwa shi ne, mai bayarwa ya ambaci aikin da yake nufi, SPI ta rubuta kuɗin da sunan wannan aiki bayan ta cire ɗan kaso na ɗawainiya, kuma ba ta fitar da shi sai da izinin wakilin da aikin ya naɗa, tare da rasit ko wata shaida.

Duk wanda ya karanta babin wadi'a, watau ajiya, da na wakala zai gane hikimar wannan rabo, domin malaman fiƙihu sun tabbatar cewa amintacce ba ya lamunin abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya ƙetare haddi ko ya yi sakaci, kuma ba a iya sanin ƙetare haddi sai an riga an shata haddin. Idan dukiyar jama'a tana cikin asusun mutum guda, komai gaskiyarsa, to, rashin lafiyarsa ko fushinsa ko mutuwarsa na iya rufe ƙofa a kanta, har magadansa su ɗauke ta a matsayin gado alhali ba su sani ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma masu imani aka yi wa wannan umurni. Ashe ke nan rubutu ba tuhuma ba ne, garkuwa ce ga mai riƙo da mai bayarwa baki ɗaya.

4.0 Niyyar Mai Bayarwa da Biyan 'Yan Sa Kai

A hukuncin wakafi, sharaɗin mai wakafi abin bi ne muddin bai saɓa wa shari'a ba, kuma naziri, watau mai kula da wakafin, ba shi da ikon juya shi zuwa abin da ransa ya fi so. Ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba, tun da wakafi ana tsare asalinsa a ci amfaninsa, gudummawa kuwa kashe ta ake yi. Amma dalilin hukuncin ɗaya ne, watau dukiyar ta fita daga hannun mai ita ne bisa wata manufa ambatacciya. Saboda haka abin da aka tara domin ɗaukar mai tsara manhaja bai kamata ya koma kuɗin tafiye-tafiye ba, sai an sanar da waɗanda suka bayar, an kuma faɗi dalili.

Sai dai biyan mutum ɗaya a cikin jama'ar da ke aiki kyauta yana da nasa hatsari, kamar yadda tarihin Debian ya nuna. A 2006 aka ɓullo da wani shiri mai suna Dunc-Tank domin a biya mutum biyu masu kula da sakin fitowar da ake kira Etch, da nufin ta fito a watan Disamba. Wasu daga cikin 'yan sa kai suka ƙi amincewa, har suka bayyana cewa sun rage himma, kuma Etch ba ta fito ba sai Afrilun 2007. Ko da jinkirin yana da wasu sababai, abin lura shi ne ladan da aka keɓe wa kaɗan na iya sanyaya gwiwar masu yawa. Ga aikin da dukiyarsa ba ta da yawa, ju'ala, wadda Bahaushe ke kira jinga, ta fi ijarar wata-wata dacewa, domin ana ambata aikin da ladansa a fili, ƙofa a buɗe ga duk mai iyawa, kuma ba a biya sai an kammala.

5.0 Sakamakon Bincike

Na farko, ƙaramin aiki ya fi samun salama idan ya jingina da ƙungiya mai rajista, maimakon ya ɗora wa kansa ɗawainiyar lauyoyi da akantoci. Na biyu, wannan jingina mataki ne da ake iya wucewa, domin injin wasanni na Godot ya zauna ƙarƙashin Software Freedom Conservancy tun 2015, har ya sami kyautar dala 250,000 daga kamfanin Epic Games a 2020, sa'an nan da dukiyarsa ta bunƙasa ya koma ƙarƙashin gidauniyarsa ta kansa a ƙasar Holan, kamar yadda aka sanar a 2022. Na uku, rayuwar aikin ba ta rataya ga yawan kuɗi ba, tun da 0 A.D., wanda bai sami ko rubu'in abin da ya nema ba, ya ci gaba har ya saki fitowa ta 27, mai suna Agni, a Janairun 2025.

6.0 Kammalawa

Tun ran gini ran zane. Lokacin rubuta ƙa'idar kuɗi shi ne tun asusu yana fanko, sa'ad da babu wanda zai zargi mai kawo shawara da kwaɗayi ko da tuhumar ɗan'uwansa. Saboda haka muna kira ga matasanmu masu tsara manhaja, waɗanda suka soma haɗa kai a kan ayyukan sa kai, da kada su karɓi ko sisin kwabo daga jama'a sai sun san inda za a ajiye shi, da wanda zai ba da izini, da ranar da za a karanta hisabi a bainar jama'a.